Ƙwai Huɗu a Masallacin Injiniya

Yayata ba ta iya ganin ciyawa ta ƙyale ta. Haka Allah ya yi ta. In ta zo gidana a Small Heath, kafin ta cire mayafi ta riga ta leƙa ɗan filin da ke bayan gida, ta dawo tana taɓe baki. "Auta, wannan dajin fa? Ba kya tsoron maciji?" In ce mata haba Yaya, wane irin maciji a Birmingham, ta ce ai ranar da zai zo ba zai yi mini sallama ba. Kafin in ɗora tukunya ta tsugunna tana tuge-tuge, har da 'yan furannin da na sayo na dasa da hannuna. Na yi faɗan har na gaji.

A wajen kakarmu ta tashi, a ƙauye, inda ake gane mace mai tsafta tun daga ƙofar gida: ƙasa fes, an share an yayyafa ruwa, ko tsinke babu. Ni auta ce, a birni na tashi gaban iyayenmu, shara ba ta taɓa zama addinina ba. Shekara da shekaru da Yaya ta yi a Manchester ba su canja mata ido ba. Duk abin da ya tsiro ba wanda ya shuka shi, a wajenta ƙazanta ce.

Mijinta, wanda duk muke kira Injiniya saboda aikinsa, shi ya gano mana wani wuri a bakin teku, can arewacin Wales. Ya ce ya gaji da zumuncin falo, su zo Birmingham a zauna gaban talabijin, mu je Manchester a zauna gaban talabijin. Sai muka mayar da shi al'ada, duk watan Agusta in an yi hutun makaranta, su taso daga can, mu taso daga nan, a haɗu. Ba inda mutane ke cunkoso ba ne. Sai an ajiye mota an taka da ƙafa, a haura wani tudun yashi, sannan a ɓullo wani shimfiɗaɗɗen fili na tsakuwa, ruwa na can ƙasa yana ta kai da kawowa.

Zuwanmu na farko, da azahar ta yi, Injiniya ya duba alƙibla a waya, ya shiga tattaro duwatsu yana jerawa. Irin masallacin matafiya ya yi, wanda ake gani a bakin hanya a gida: layin duwatsu ya kewaye wuri, da ɗan lanƙwasa a gaba inda liman zai tsaya. A tsakiyar lanƙwasar ya kafa wani farin dutse mai ɗan girma. Muka yi masa dariya, muka ce duk karatunsa na gina gada ga inda ya ƙare. Da shekara ta zagayo muka tarar da duwatsun suna nan, don ruwa ba ya kaiwa wurin, iska ce kawai ta ɗan ture wasu. Daga nan aiki ya rabu. Shi ya gyara jeri, Yaya kuma ta ɗauko tsintsiyar kaba da ta zo da ita tun daga Kano, ta tuge duk abin da ya tsiro, ta share cikin masallacin tas. A Agusta tsirran wurin duk sun bushe sun yi ruwan ƙasa, ban taɓa yi musu kallo na biyu ba.

Injiniya ya rasu a farkon sanyi, ba jinya, zuciya ce ta tsaya. Yara sun zo, an yi zaman makoki, kowa ya koma inda aikinsa yake. Yaya ta shiga takaba a flat ɗinsu, takaba ta ƙare, amma Yaya ba ta fito ba. Duk Asabar ina kan hanyar Manchester. In tarar da labule a rufe, kofuna a jibge, ita kuma tana zaune a gefen gado da carbi a hannu wanda ba ja take yi ba. Likitan asibitin unguwarsu ya ba ta magani, ta zuba a durowa. Na lallashe ta, na yi mata faɗa, na yi kuka a gabanta, ko a jikinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali ɗan ƙaramin abu ne. Ciyawa ta tsiro a tsagin dakalin ƙofar gidansu har ta kai idon sawu, ranar da na ja ta da ƙyar zuwa asibiti ta tsallake ta wuce ba ta ko duba ba. Ranar na ji tsoro sosai. Na ga zan rasa yayata alhali tana numfashi, kuma ni ba ni da kowa a ƙasar nan da ya san ni tun ina goye sai ita.

Kwatsam wata rana cikin watan Mayu ta kira ni. Ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce, "Auta, ki ce wa Likita ya kai ni masallacin Injiniya." Likita maigidana ke nan, haka take kiransa. Na ce Yaya ba za mu jira Agusta ba? Ta ce wa ya ba ta tabbacin Agusta. Ban sake musu ba. Na ajiye wayar na yi hamdala, na zari jaka sai Stratford Road, na yi cefane kamar za a yi suna.

Da muka isa Manchester muka tarar da ita a ƙofa ta shirya. Ta dama fura da kanta a babbar roba, ta ɗora ludayinta na duma a kai, a ɗaya hannun kuma ga tsintsiya. Wallahi ganin tsintsiyar nan a hannunta ya fi mini komai daɗi a shekarar. Na juya baya na goge ido don kada ta gani ta yi mini tsiya.

A wajen ajiye motoci akwai wani allon sanarwa da muka saba wucewa. Ranar, ina jiran Likita ya gama fito da kaya, na tsaya na karanta. An rubuta cewa a waɗannan watanni tsuntsaye na yin ƙwai a ƙasa cikin tsakuwa, a bi hanya a hankali, kada a tumɓuke tsiro. Ga hoton wata 'yar tsuntsuwa mai baƙin zobe a wuya, an ce in ka gan ta tana jan fiffike kamar ta karye, ƙwanta na kusa, janye ka take yi. Na karanta na wuce, hankalina na kan Yaya da ke tafe a gaba tana sauri.

Muka haura tudun yashi, na tsaya cak. Ban gane wurin ba. Filin tsakuwar nan da na sani fari fat, ranar ya cika da furanni. Wasu ruwan hoda ne, 'yan dunƙule-dunƙule a kan siraran kara, sun fito daga wani tsiro mai kama da matashin kai, iska na kaɗa su ba sa karyewa. Wasu farare masu kumburarren wuya kamar ɗan ƙaramin tulu. Wasu rawaya sun kwanta a ƙasa sun bi tsakuwa. Ga kuma wani babban ganye mai ruwan toka kamar kabeji, ya fitar da farin fure tuli guda, ƙamshinsa sak zuma. Ƙudan zuma na ta hidima, ga ƙananan malam-buɗe-littafi shuɗaye suna tashi suna sauka. Na duƙa na leƙa gindin ɗaya, babu ƙasa ko ta cikin cokali, tsakuwa ce da yashi, ga gishiri a iska, amma sun rayu sun yi kyau haka. Sai a lokacin na gane cewa busassun abubuwan da Yaya ke tugewa duk Agusta su ne waɗannan, mun dai saba zuwa bayan an tashi daga biki.

Masallacin yana nan. Furannin ruwan hodan sun bi jerin duwatsun sun kewaye shi, sun cusa kai a kowane tsagi. Tsakiyar ce kawai ta rage a fili, don shekarun shara sun hana komai kamawa a nan. Ni dai ban taɓa ganin masallacin da aka yi wa ado irin wannan ba.

Yaya ta ajiye robar fura, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Kin ga yadda wurin ya lalace."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta duƙa. Na ce a hankali, "Yaya, da kin bar su. Dubi kyansu." Ta ce, "Ciyawa ce, Auta," ba ta ko ɗago ba. Ta kama dunƙule na farko ta ja. Saiwarsa doguwa ce, ta yi gardama, sannan ta fito da yashi a jikinta, ta bar rami. Iska ta fara kwashe yashin ramin nan take. Ta kama na biyu. Na buɗe baki zan sake magana, Likita ya yi mini ido. Na dubi bayan Yaya, na ga ƙarfin da ke hannunta, ƙarfin da na yi watanni ina roƙon Allah ya dawo mata da shi. Na ƙyale ta. Amma kowane dunƙule ta tuge ta jefa gefe, sai in ji abin a ƙirjina. Raina ya ɓaci, kuma na rasa da wa zan yi fushin.

Ta gama gefe ɗaya, ta ɗauki tsintsiya ta shiga ciki. Sai ga wata 'yar tsuntsuwa ta fito da gudu daga wajen farin dutsen, ba ta fi ɗan tsako ba, ƙafafu ruwan lemo, baƙin zobe a wuya. Ta faɗi a gaban Yaya tana jan fiffike ɗaya a ƙasa, tana wani siririn kuka.

Yaya ta ce, "Allah sarki, an karya mata fiffike." Ta yar da tsintsiya ta bi ta za ta kama. Tsuntsuwar ta matsa, Yaya ta matsa, ta sake matsawa tana ta birgima. Sai da ta ja ta nesa da masallacin, sannan ta tashi fir lafiyarta ƙalau. Yaya ta tsaya baki buɗe, sai ta fashe da dariya. "Kai, kun ga makira." Rabon da in ji dariyarta tun Injiniya na da rai.

Ni kuwa nan take na tuna allon. Na taka a hankali zuwa gaban masallacin ina duba ƙasa. Da farko tsakuwa kawai na gani. Sai da na ƙura ido sannan suka fito: a gindin farin dutsen, daidai inda goshin liman ke sauka, wani ɗan rami kamar tafin hannu, da ƙwai huɗu a ciki. Launinsu launin tsakuwar wurin, da ɗigo-ɗigon baƙi, an jera su tsinin kowane na duban tsakiya. Ba sheƙa, ba ciyawa, ba komai. Da tsintsiyar ta ƙara gaba kaɗan da an gama.

Na kira su suka gani. Na ce, "Yaya, mu tattara mu koma can gefe mu yi sallar. Muddin muna nan ba za ta dawo kansu ba, za su huce."

Fuskarta ta canja. Ta ce, "Daga Manchester na taso don in yi salla a nan."

Na ce a ƙasar nan laifi ne ma a taɓa ƙwan tsuntsun daji, doka ta hana. Ta ce, "Council ce ta halicce ta?" Na ce ba maganar hukumar gari ba ce. Ta ce to in kwantar da hankalina, ba wanda zai cuce ta. Ita ta yi kiwon zabi a gidan kaka tun ban san hannun damana ba. Zabuwa in ta ji warin hannun mutum a ƙwanta sai ta guje shi, shi ya sa ake ɗiba da ludayi, hannu ba ya taɓawa. Za ta matsar da su ne kawai zuwa inuwa, gindin babban ganyen can. Ta ƙara da cewa wace irin uwa ce ma za ta zube ƙwai a fili cikin rana haka, ai taimakonta za a yi.

Ta juya ta ɗauko ludayin daga kan robar fura, ta ɗauraye, ta goge da gefen zane. Ina ganin haka zuciya ta ɗebe ni. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na sha gabanta na ce, "Yaya, duwatsu ne kawai. Injiniya ba ya cikinsu."

 Likita ya sunkuyar da kai, shi ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Yaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi mini ina yarinya in na yi rashin kunya gaban baƙi. Ta ce, "Na fi ki sanin inda yake. Matsa."

Na matsa. A gidanmu ƙanwa ba ta riƙe hannun yayarta.

Gaskiya ban taɓa ganin an ɗauki abu da tausayi irin yadda ta ɗauki ƙwan nan ba. Ta fara zuwa gindin ganyen ta yi ɗan rami da yatsu, ta ciro farin hankicinta ta shimfiɗa don kada tsakuwa ta fasa su. Sannan ta dawo ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta tura bakin ludayin ƙarƙashin na farko a hankali, ta tafi da shi tana riƙe numfashi. Haka ta yi wa kowane, da bisimillarsa. Ta jera su yadda ta same su, tsini na duban tsakiya. Ta miƙe tana murmushi, ta ce, "Kin gani? Ko ɗaya bai ji hannu ba." Sai ta ɗauki tsintsiya ta share masallacin fes, ramin ya shafe.

Likita ya shimfiɗa darduma a gaba, mu a baya, ya tayar da salla. Muna cikin raka'ar farko na ji kukan. Ta dawo. Ta gefen ido nake ganinta, ta yi gudu ta tsaya, ta yi gudu ta tsaya, har ta zo dab da farin dutsen, ta rasa ta inda za ta shiga, ta koma, ta sake dawowa. Kukan nan siriri bai tsaya ba har muka sallame. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Yaya ma ta ji. Ko addu'ar da ta zo dominta ba ta tsawaita ba. Ta ce wa Likita, "Naɗe dardumar mu ba ta wuri, yanzu za ta gan su." Muka kwashe kaya muka koma can nesa kan tudun yashi muka zauna, inda muke hangen komai.

Tsuntsuwar ta shiga masallacin da gudu, ta tafi kai tsaye gindin farin dutsen. Ta tsaya. Ta juya, ta sake juyawa. Ta tona wurin da ƙafa, ta kwanta a kan ƙasa wadda ba komai, ta miƙe ta leƙa ƙarƙashinta. Ta fita ta zagaya duwatsun ta dawo daidai wurin. Ƙwan nan suna kusa, inda mutum zai iya miƙa sanda ya taɓa. Ta wuce ta gabansu ba sau ɗaya ba, ko kallonsu ba ta yi. Ita wurin ta sani, wurin take nema.

Yaya ta fara magana ƙasa-ƙasa tana nuni da yatsa. "Ga su can. Ke, ga su can a bayanki. Juya mana." Fura na gabanmu ba wanda ya taɓa. Na dubi fuskarta na ga murmushin ya tafi. Tana kallon 'yar tsuntsuwar nan tana komawa wuri ɗaya tana dubawa, tana sake komawa, kuma na san ta ga abin da na gani. Fushina ma ya gudu ya bar ni da tausayi.

Can ta ce, "Auta, miƙo mini ludayin."

Ban kai ga miƙa mata ba. Akwai hankaki biyu da suka daɗe a kan tudun suna kallonmu, irin na ƙasar nan, baƙaƙe wuluk ba farin ƙirji. A cikin tsakuwa ƙwan nan ba mai ganinsu, ni da na san suna nan sai da na ƙura ido. A kan farin hankici kuwa ko makaho ya gan su. Ɗaya ya sauka, ɗayan ya biyo shi.

Yaya ta zabura. Mace mai jikoki, da ciwon gwiwa, ta gangara tudun da gudu tana ihu tana jifa da tsintsiya. Tsakuwa ta kwashe ta, ta faɗi a kan gwiwa, ta miƙe ta ci gaba. Kafin ta isa ɗaya ya tashi da ƙwai a baki. Muka iske ta a durƙushe. Biyu sun fashe a kan hankicin, a cikin ɗaya har an fara ganin halitta. Guda ɗaya ne ya rage lafiya.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi ludayin a hannuna, ta ɗauki ɗayan da ya rage ta mayar gindin farin dutsen. Ta tona ɗan rami da yatsa ta ajiye shi. Sannan ta juya kan tulin furannin da ta tuge, waɗanda duk sun yi yaushi, ta shiga ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana cusawa a ramukansu, tana danna yashi da tafin hannu. Ta juye musu ruwan shanmu duka. Na durƙusa na taya ta, duk da na san ba za su kama ba. Gwiwarta na jini ta cikin zane, ta hana Likita ya duba.

Muka koma kan tudun muka jira. Tsuntsuwar ta zo kusa, ta tsaya, ta koma. Ta sake zuwa. Iska ta yi sanyi, Likita ya ce hanya da nisa. Har muka juya baya ban ga ta kwanta a kansa ba, kuma ban san abin da ya faru bayan tafiyarmu ba.

Muka kama hanya har Manchester. Ta sauka, ta ɗauki robar furarta yadda ta zo da ita, ta ce mu gaida gida, ta rufe ƙofa. Sai da muka isa Birmingham na ga tsintsiyar a but ɗin mota. Na kira ta na ce ta yi mantuwa. Ta ce ba mantuwa ba ce.

Tun daga ranar ta koma zaman ɗaka. Tana ɗaga waya, tana cin abinci in an matsa mata, amma fita sai dole. Na yi watanni ina jin haushi. Haushin hankaki, haushin Likita da ya yi mini ido, haushin marigayin da ya rasa inda zai kafa masallaci sai nan, har da ita tsuntsuwar, duk faɗin gaɓar Wales ta rasa inda za ta yi ƙwai sai gindin dutsen mutane. Daga baya na fahimci dalilinta. Irinsu fili suke so, inda ba tsiro, don su hango abin da ke zuwa. Duk wurin ba inda ya kai tsakiyar masallacin nan zama fili, kuma Yaya ce ta share mata shi shekara da shekaru. Na rasa ko in gaya mata wannan, ban san ko sanyi zai sa mata ko ƙarin ciwo ba, har yau ban faɗa ba. Mu dai da hannu muka iya ƙauna, mu share, mu gyara, mu matsar zuwa inuwa, mu ciyar. Wuri irin wannan kuwa ba abin da yake nema a wajenmu sai mu tsaya daga nesa mu kalla, kuma ba wanda ya koya mana haka tun muna yara. Ni kaina yanzu na bar ɗan filin bayan gidana ya yi yadda ya ga dama, maƙwabciyata na ta ƙorafi.

Da Mayu ya zagayo na ce mata mu je. Ta ce gwiwa. Na tafi ni da Likita. Mun tarar an kewaye filin tsakuwar duka da igiya don kare ƙwan tsuntsaye, har da masallacin a ciki, sai dai a tsaya a hanya a hanga. Na ji daɗin igiyar nan, na kuma ji zafinta. Furannin da muka mayar ba su kama ba, amma wasu ƙanana sun fito a gefen ramukan, fararen kuma sun haye duwatsun har sun fara shiga tsakiya. Farin dutsen da ƙyar ake ganin kansa. Na daɗe a tsaye ina dubawa. Akwai irin tsuntsayen can nesa wajen ruwa, suna gudu suna tsayawa, amma a cikin masallacin babu komai. Na ɗauki hoto. Muka yi sallarmu a wajen ajiye motoci, a gefen taya.

A hanyar dawowa muka biya ta Manchester. Ciyawar dakalin ƙofarta ta kai ƙwauri. Na same ta a falo, labule a ɗan buɗe, na zauna kusa da ita na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta bi jerin duwatsun ɗaya bayan ɗaya har ta kai kan farin. Ina jira ta ce wurin ya lalace, wallahi da ta faɗa da na yi murna. Ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Ta dawo?"

Ƙarya na bakina a shirye. Ai na ga irinta a wajen ruwa, wa zai ce ba ita ba ce? Amma Yaya ta san fuskata tun ranar da aka haife ni. Na ce, "Ban gan ta a wurin ba, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini wayar. Ta ce, "Ni ma da ni ce, ba zan dawo ba."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je ta ja labulen ta rufe, ga rana ba ta ko yi sanyi ba.